Kujerar Dama: Tarihin Ƙarancin Matuƙa a Ƙananan Kamfanonin Jiragen Saman Amurka

Tun kafin Bahaushe ya ga jirgin sama, ya san jirgi, ya kuma san matuƙi. Jirgi shi ne na ruwa wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace, matuƙi kuwa shi ne mai riƙe da filafili ko gora. Da jirgin ƙasa ya iso, daga baya na sama ya biyo, sai harshe ya yafa musu tsofaffin sunayen nan ba tare da wata wahala ba. Sai dai jirgin sama na fasinja ya bambanta da kwale-kwale ta fuska guda: matuƙansa biyu ne. Kyaftin yana zama a kujerar hagu, mataimakinsa a kujerar dama, kuma doka ba ta yarda jirgin ya tashi ba idan ɗaya daga cikin kujerun nan babu kowa. A kan kujerar dama ne aka gina tarihin da ke tafe.

A shekarar 2022, a Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan matuƙa da makarantun koyon tuƙi, an jera ɗaruruwan jirage lafiyayyu a filaye, an rufe bakunan injinansu, saboda babu masu tuƙa su. Shugaban kamfanin American Airlines, Robert Isom, ya bayyana cewa kusan ƙananan jirage 100 na kamfaninsa suna ajiye. Kafin shi, a ƙarshen 2021, shugaban United, Scott Kirby, ya faɗi makamancin wannan adadi a gaban Majalisar Dattawa. Jaridu sun ɗora laifin a kan annobar korona, kuma tana da nata kason. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tushen al'amarin ya girmi annobar da fiye da shekara 40.

Daga 1938 har zuwa ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin tarayya ce ke tsara harkar jiragen fasinja a Amurka. Wata hukuma, wadda aka fi sani da CAB, ita ce ke yanke wa kowane kamfani hanyoyin da zai bi da kuɗin da zai karɓa. Kamfanin da aka ba hanya mai tsoka, akan haɗa masa da ƙananan garuruwan da babu riba a cikinsu, ribar can ta rufe asarar nan. Matuƙa kuwa ba su taɓa zama abin damuwa ba, domin soja ya ɗauke wa kamfanoni nauyin horar da su. Yaƙin Duniya na Biyu, da na Koriya, da na Biyetnam, kowanne ya yaye dubban matasa da gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi a kansu, suka tuɓe kaki suka sa kayan kamfani. Shekaru da dama mafi yawan matuƙan manyan kamfanoni tsofaffin sojoji ne. Wannan gata ya sa masana'antar ba ta taɓa koyon biyan kuɗin renon ma'aikatanta ba, kuma rashin koyon ya biyo ta har yau.

A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Masanin tattalin arziki Alfred Kahn, wanda ya shugabanci CAB a lokacin, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙarin ganin an rushe ikon hukumar da yake jagoranta. Kowane kamfani ya sami damar zuwa inda ya so, ya kuma sa farashin da ya ga dama. Kuɗin tikiti ya sauka a manyan hanyoyi, talakan da bai taɓa shiga jirgi ba ya shiga. Majalisa ta hango cewa za a guje wa ƙananan garuruwa, don haka ta sanya a cikin dokar wani shirin tallafi na wucin gadi, na shekara 10, domin a biya kamfanoni su ci gaba da sauka a can. Shirin yana nan har yanzu, yana ɗauke da garuruwa fiye da 150.

Manyan kamfanoni suka sake fasalin hanyoyinsu. Kowanne ya zaɓi wasu birane ya mai da su matattara: Delta ya riƙe Atlanta, American ya riƙe Dallas, United ya riƙe Chicago da Denver. Daga ƙananan garuruwa ake kwaso fasinjoji a zuba a matattara, daga nan a ɗora su a manyan jirage. Aikin kwasowar ne manyan ba su so su yi da kansu, domin matuƙansu suna da tsada, ƙungiyar ƙwadagonsu kuma tana da ƙarfi. Sai suka ba da shi kwangila ga ƙananan kamfanoni. Jirgin yana ɗauke da fenti da tambarin babban kamfani, tikitin ma nasa ne, sunan da ke jikinsa shi ne American Eagle ko Delta Connection ko United Express, amma ma'aikatan da ke ciki na wani kamfani ne dabam wanda yawancin fasinjoji ba su taɓa jin sunansa ba. Da kamfanin Comair ya fara amfani da ƙaramin jet mai kujeru 50 ƙirar Bombardier a 1993, sai harkar ta bunƙasa fiye da yadda kowa ya zata. Kafin 2010, kusan rabin dukkan tashin jiragen fasinja na cikin gida a Amurka ƙananan kamfanonin nan ne ke yin sa.

Yadda ake biyan kwangilar shi ne zuciyar matsalar. Babban kamfani ne ke sayar da tikiti, shi ke tsara lokutan tashi, sau da yawa shi ke sayen mai. Ƙaramin kamfani ana biyansa ne kuɗi ƙayyadadde a kan kowane tashi. Saboda haka ba shi da wata hanyar cin kwangila face ya fi abokin takararsa araha, kuma kusan babu inda zai rage kuɗi sai a albashin ma'aikata. Tsarin kashin dankali ne sosai, na sama yana danne na ƙasa, na ƙarshe a gindin tulin kuwa shi ne saurayi ko budurwar da ke kujerar dama. A shekarun 1990 har akwai kamfanonin da sabon ma'aikaci ne ke biyansu kusan dala 10,000 kuɗin horon da za su ba shi kafin ya fara aiki.

Mai karatu zai tambaya: me ya sa mutum mai hankali zai karɓi irin wannan aiki? Amsar tana cikin tsarin girma na matuƙa. A kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki mutum aiki ita ce ke yanke masa komai: albashinsa, irin jirgin da zai tuƙa, ranakun hutunsa, da lokacin da zai koma kujerar hagu. Idan ya sauya kamfani, ko da ya shekara 20 yana kyaftin, sai ya koma ƙarshen layi. Don haka burin kowa shi ne ya shiga babban kamfani da wuri, manyan kuwa ba sa ɗaukar wanda bai tara dubban sa'o'i a sama ba. Ƙaramin kamfani ya zama matakala. Ana biyan matashi da kuɗi kaɗan da sa'o'i masu yawa, shi kuma yana haƙuri da rayuwar hannu baka hannu ƙwarya bisa zaton cewa shekara uku ko huɗu ne kawai. Muddin matakalar tana motsi, cinikin yana da ma'ana.

A 2001 matuƙan Comair suka gwada ƙarfinsu. Sun yi yajin aiki na kwana 89, suka tsayar da matattarar Delta da ke Cincinnati cik, suka kuma sami albashin da ya fi na dukkan takwarorinsu. Darasin da Delta ya ɗauka shi ne kada ya sake barin matattara guda a hannun ɗan kwangila guda. Ya rarraba aikin ga kamfanoni da dama masu gasa da juna, Comair ya yi ta ƙanƙancewa har aka rufe shi a 2012. Sauran matuƙa sun ga abin da ya faru, sun kuma fahimta.

Ana cikin haka matakalar ta tsaya. Harin 11 ga Satumba na 2001 ya sa an sallami dubban matuƙa. United da US Airways sun nemi kariyar kotu daga masu binsu bashi a 2002, Delta da Northwest a 2005, American a 2011. An zaftare albashi, an rushe fansho a wasu wuraren. Sannan a watan Disamba na 2007 aka ɗaga shekarun ritayar dole daga 60, inda suke tun 1960, zuwa 65. Ma'anar wannan ita ce shekara biyar cur kusan babu wanda ya bar kujerarsa a sama, don haka babu wanda ya hau daga ƙasa. Wanda ya shiga ƙaramin kamfani da niyyar shekara uku ya wayi gari ya yi goma. Ƙannensu da ke makarantar sakandare suna kallo, da yawa suka zaɓi wata sana'ar. Gurbin waɗannan da ba su shiga ba shi ne ya bayyana bayan shekara goma.

A daren 12 ga Fabrairu na 2009, wani jirgi mai farfela biyu ƙirar Q400 ya tashi daga Newark zuwa Buffalo a jihar New York. A jikinsa an rubuta Continental Connection, amma kamfanin Colgan Air ne ke tafiyar da shi. Yayin da yake shirin sauka, matuƙan ba su lura gudunsa yana raguwa ba. Idan gudun jirgi ya ragu fiye da kima, iskar da ke bi ta kan fukafukansa takan daina ɗaukarsa, sai ya rikito. Akwai na'urar da ke girgiza sitiyari domin gargaɗi kafin a kai ga haka, kuma ta yi aikinta. Maganin da ake koya wa kowane ɗalibi tun makonninsa na farko shi ne ya sunkuyar da hancin jirgi ya ƙara wuta. Kyaftin ya yi akasin haka, ya ja sitiyarin baya. Jirgin ya faɗa kan wani gida a garin Clarence Center. Mutum 49 da ke ciki suka rasu, da mutum ɗaya a cikin gidan.

Abin da binciken hukumar NTSB ya tono ya fi haɗarin kansa girgiza jama'a. Kyaftin ya taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi sau da dama, kuma kamfanin bai san dukkansu ba lokacin da ya ɗauke shi. Mataimakiyarsa, 'yar shekara 24, abin da ta samu a shekarar da ta gabata bai wuce dala 16,000 ba. Da yake wannan kuɗi ba zai kama mata ɗaki a kusa da Newark ba, tana zaune ne tare da iyayenta a kusa da Seattle, a ɗaya gefen ƙasar. A daren da ya gabaci haɗarin ta ratso Amurka a cikin jiragen dakon kaya, ta yi ɗan barci a kan kujerar ɗakin ma'aikata. Kyaftin ma, wanda gidansa ke Florida, akwai shaidar cewa a ɗakin ma'aikatan ya kwana. Hukumar ta ɗora babban dalilin haɗarin a kan kuskuren kyaftin, ta ce mai yiwuwa gajiya ta taka rawa, ko da yake ba ta iya auna iyakarta ba. Iyalan mamatan kuwa, da yawansu sai bayan rasuwar suka ji sunan Colgan.

Iyalan suka haɗa kai, suka yi ta zarya zuwa Washington sanye da jajayen tufafi, har Majalisa ta zartar da doka, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu a ranar 1 ga Agusta na 2010. Dokar ta kawo gyare-gyare masu amfani: sababbin ƙa'idojin hutu, waɗanda suka wajabta aƙalla sa'a 10 kafin a kama aiki, rumbun bayanan da zai nuna tarihin jarrabawar kowane matuƙi, horo na musamman kan ceto jirgin da ya rasa gudu, da tilasta wa masu sayar da tikiti su bayyana kamfanin da zai ɗauki fasinja a zahiri. Amma sashen da ya fi shahara shi ne na sa'o'i. A da, mai lasisin kasuwanci da sa'a 250 yana iya zama a kujerar dama. Daga 2013 sai mai sa'a 1,500, irin lasisin da a da kyaftin kaɗai ake nema wa. An yi sassauci ga tsofaffin sojoji, su 750, da masu digirin fannin jiragen sama, su 1,000, da masu difiloma, su 1,250.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Matuƙan Colgan biyu duk sun wuce sa'a 1,500: kyaftin yana da fiye da 3,300, mataimakiyar fiye da 2,200. Da dokar tana nan a daren, da ba ta hana ko ɗayansu shiga jirgin ba. Haka kuma a Turai ana ɗora matashi mai sa'a kusan 200 a kujerar dama ta babban jirgi, bayan horo mai tsauri, kuma jiragen can ba su fi na Amurka faɗuwa ba. Masu suka suna cewa sa'a dubu a ƙaramin jirgi, ana zagaya fili guda cikin hasken rana, ba ta koya wa mutum abin da zai yi a daren ƙanƙara. Masu goyon baya kuwa suna nuna cewa daga 2009 aka shafe kusan shekara 16 ba a sami babban haɗarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka ba, sai a Janairu na 2025, lokacin da wani ƙaramin jet ya yi karo da helikwaftan soja a Washington. Gaskiya ne, amma dokar ta zo da gyare-gyare da yawa a lokaci guda, kuma ware wanda ya yi aikin daga cikinsu ba abu ne mai sauƙi ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne tasirinta a kan aljihu. Koyon tuƙi daga farko har lasisin kasuwanci yakan ci dala 80,000 zuwa 100,000, yawanci bashi. Bayan nan sai mutum ya nemo sauran sa'o'i 1,250, ta hanyar koyar da ɗalibai, ko jan kyallen talla a bakin teku, ko ɗaukar masu tsalle da lema, shekara ɗaya zuwa biyu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen wannan doguwar hanya, albashin da ke jiransa a 2014, bisa ƙididdigar ƙungiyar matuƙa ta ALPA, ya tsaya ne a kan dala 22,400 a shekara. Ga shi kuma a Disamba na 2012 waɗanda aka ƙara wa shekara biyar sun fara cika 65, manyan kamfanoni sun buɗe ƙofar ɗaukar aiki. Ana ɗiba ta sama, ƙasa kuma ba a zubawa.

Ofishin binciken Majalisa, wato GAO, ya duba lamarin a 2014. Ya tarar 11 daga cikin ƙananan kamfanoni 12 da ya tuntuɓa suna shan wahalar cike kujerar dama. Ya kuma tarar akwai ɗimbin mutane masu lasisin da ake buƙata waɗanda ba sa aikin, wasu sun tafi ƙasashen waje, wasu sun koma wata sana'a. Daga nan muhawarar ta rabu biyu har yau. Ƙungiyar kamfanoni tana cewa matuƙa ne babu, a sassauta dokar. Ƙungiyar matuƙa tana cewa matuƙa suna nan, albashi ne babu. Kowane ɓangare yana da abin da zai ci a cikin amsar, kuma bai kamata a manta cewa dokar da ta rage masu shigowa ta ƙara wa waɗanda ke ciki daraja ba. Duk da haka, abin da ya faru daga baya ya fi gaskata matuƙan.

Waɗanda suka fara faɗuwa su ne mafiya rauni. Kamfanin Great Lakes na Cheyenne a jihar Wyoming, wanda ke yi wa ƙananan garuruwan tsakiyar ƙasar hidima da kuɗin tallafi, ya kai ga cire kujeru 10 daga jiragensa masu kujeru 19, domin jirgi mai kujeru tara yana ƙarƙashin wasu ƙa'idoji ne da ba su buƙaci sa'a 1,500 ga mataimaki ba. Dabarar ba ta cece shi ba, ya rufe a Maris na 2018. Republic Airways, wanda yake cikin manyan 'yan kwangila, ya je kotun fatara a Fabrairu na 2016, ya ce yana biyan hayar jiragen da ba shi da masu tuƙa su.

Sai annoba ta zo a 2020. Fasinjoji suka ɓace, manyan kamfanoni suka lallashi dubban tsofaffin matuƙa su yi ritaya da wuri. Ba su yi zaton matafiya za su dawo da sauri ba. Da suka dawo, sai aka shiga wawaso: a 2022 da 2023 manyan kamfanoni sun ɗauki matuƙa fiye da 12,000 a kowace shekara, abin da ba a taɓa gani ba, kuma mafi yawansu daga ƙananan kamfanonin da ke yi musu aiki suka kwaso su. A Maris na 2022 SkyWest, mafi girma a cikin ƙananan, ya sanar da gwamnati cewa yana son janyewa daga garuruwa 29 masu tallafi, gwamnati ta ce ya dakata har a sami madadinsa. Republic ya roƙi a bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da sa'a 750 kamar sojoji, hukumar FAA ta ƙi a watan Satumba.

Da ƙofar sassauci ta ƙi buɗuwa, sai kuɗin da aka shekara 30 ana cewa babu su suka fito. A Yuni na 2022 kamfanonin Piedmont da Envoy, mallakar American, suka ɗaga ladan sabon mataimaki daga dala 51 zuwa 90 a kan kowace sa'ar tashi. Mesa ya kai nasa 100. Tun da doka ta ƙayyade wa matuƙi sa'a 1,000 a shekara, wannan yana nufin wajen dala 90,000, ninki huɗu na albashin 2014. Makarantu suka cika, United ma ya buɗe tasa a jihar Arizona. Cikin ɗan lokaci kujerar dama ta sami masu nema fiye da gurabe, sai matsalar ta koma kujerar hagu, domin ƙa'idar 2013 ta ce ba mai zama kyaftin sai ya yi sa'a 1,000 a aikin kamfanin fasinja, kuma da zarar mutum ya kai wannan matsayi babban kamfani yana jiransa. A 2024 guguwar ta lafa, musamman saboda jinkirin Boeing wajen miƙa sababbin jirage. A shekarar ce kuma Majalisa ta ƙi ɗaga shekarun ritaya zuwa 67.

Sabon albashin ya zo da nasa lissafin. Ladan matuƙa biyu idan aka raba shi a kan kujeru 50 ya fi nauyi fiye da a kan kujeru 76, don haka kamfanoni suka riƙa ajiye ƙananan jet ɗin nan, waɗanda dama an daina ƙera su. Garin da ba zai cika jirgi mai kujeru 76 sau biyu a rana ba, sai ya fita daga taswira. A Satumba na 2022 American ya janye daga Toledo da Ithaca da Islip da Dubuque, kuma a Dubuque, a jihar Iowa, shi kaɗai ne dama yake sauka. A wasu wuraren an sami wata mafitar. Tun watan Yuni na shekarar, matafiyi daga Allentown ko Atlantic City yana iya sayen tikitin American, ya je filin jirgin garinsu, a auna kayansa a ba shi lambar kujera, sannan ya fito ya hau motar bas ta kamfanin Landline, wadda za ta kai shi matattarar Philadelphia ta kan titi, da direba guda ɗaya.